Leshin da Yaya Ta Ƙi Yankawa

Ku matso kusa, 'ya'yana da jikokina, ku aje abin da ke hannunku, ku kasa kunne. Yau ba tatsuniya a bakina. Maganar yayata zan yi, wadda mutanen Ƙauran Namoda ke kira Inna mai keke, wadda Mai abu ya karɓi abinsa a farkon daminar nan. Ni ban san alƙalami ba, ina faɗa ne ana rubutawa, don na ga yadda ake mance mutum tun ƙasar kabarinsa ba ta gama kwantawa ba.

Ranar da ta rasu, kafin maza su dawo daga maƙabarta, tsakar gidanta ta cika maƙil da mata. Sun zo daga Banga, sun zo daga Kurya Madaro, wasu daga Badarawa a bayan a-kori-kura, ga danginmu na Zurmi. Kowace ta shigo, in ta gama yi mana gaisuwa, sai ta ƙara da cewa ita ma Inna ce ta ɗinka mata kayan aure. Wata tsohuwa da ba sauran haƙori a bakinta ta faɗa, ɗiyarta da ke riƙe da ita ta faɗa, jikarta da ke bayansu da goyo ta faɗa. Bafilatanar da ke kawo mana nono ta dire ƙwaryarta a bakin ƙofa, ta ce shekara da shekaru Inna ba ta taɓa barinta ta matsa kusa da yadi ba sai ta wanke hannu da sabulu. Tana faɗa tana dariya, sai dariyar ta koma kuka. Maƙwabciyarmu ta wajen rijiya kuwa ta sunkuyar da kai, ta ce Allah ya jiƙanta, amma bakinta ya fi almakashinta kaifi. Mata sunka yi mata caa. Na ce su bar ta. Mamaci ba ya buƙatar a yi masa ƙarya, addu'a yake buƙata.

Mu asalinmu ƙasar Zurmi ne, ubanmu manomin gero ne da dawa. Ita ce babba, ni ce auta, a bayanta na girma. Anka aurar da ita ga wani leburan jirgin ƙasa a Ƙaura, kuma a nan gidajen ma'aikatan jirgi wata Bayarabiya maƙwabciyarta ta koya mata taka keke. Bayan shekaru ni ma aure ya kawo ni garin, har Allah ya sa katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Da safe ƙarar kekenta ke gaya mini lafiya ta kwana.

Yaya ba ta san lamba ba, don haka ba ta awo da igiyar teloli. Tsumma take yagowa dogo, ta ɗora a jikin yarinya, ta ƙulla: ƙulli na kafaɗa, ƙulli na ƙirji, na ƙugu, na hannu. Kowace amarya da nata tsumman a rataye jikin ƙusa, kuma ba ta taɓa rikita na wannan da na waccan ba. In anka aiko mata da tsohuwar riga anka ce ta bi awonta, sai ta mayar. Cewa take riga na yin ƙarya, jiki ba ya yi. Sai an kawo mata yarinyar, uwa ta tsaya waje, a saki labule. Abin da ta gani a bayan labulen nan kuwa, ko ni da munka sha nono ɗaya ban taɓa ji a bakinta ba.

Atamfa ba ta ba ta tsoro, amma leshi tana ganin girmansa. In anka kawo, sai ta shimfiɗa shi a sabuwar tabarma, ta zauna tana kallonsa tun hantsi har rana ta take, tana bin furen da yatsa, tana duba inda ya dosa. Ba ta yarda almakashi ya raba fure biyu. Bakin leshin nan mai lanƙwasa kuwa ta san inda za ta kai shi, gindin riga da bakin hannu. In na gaji da jira na ce ta yanka mana, sai ta ce: "Auta, leshi sau ɗaya ake yi masa magana." Ƙyalle komai ƙanƙantarsa tana mayar wa mai shi. In mai shi ta ce ta riƙe, sai ta jefa a wata tsohuwar kwalla. Daga kwallar nan ta taɓa cika wa wata marainiya 'yar Banga hannun riga, da leshin lefenta ya gaza. Har yarinyar ta tare ba wanda ya gane an yi ciko.

Da anka ba mu jiharmu ta Zamfara, samari sunka samu aiki a Gusau, lefe ya ƙara nauyi, leshi ya shigo har gidajen da ba su taɓa ganinsa ba. Ba a daɗe ba kuma Shari'a ta zo. Mata sunka daina tsayawa gaban telolin kasuwa a auna su, aiki ya yi wa Yaya yawa, kowa na son a sa wa leshinsa shafi don kada jiki ya bayyana ta hudojin. 'Yan mata kuma sunka shiga hijabi har ƙasa. Mun yi murna da sutura, har yau muna yi. Amma a zamaninmu budurwa na zuwa kasuwa da zani a ƙirji, duk mai sonta ya san abin da yake so. Yanzu sai ya zama saurayi na iya shekara yana zance bai ga komai ba sai fuska da tafin hannu. A nan maganar jikata ta shigo.

Ɗiyar babban ɗana ce. Tana tatata, uwarta na suyar ƙuli-ƙuli, ta jawo kaskon mai ya kife mata. Allah ya yi da sauran kwana, amma ƙunar ta ci gefen hagu tun daga gindin wuya, ta bi kafaɗa, ta sauka har kan nono. Da ta warke fatar ta tattare ta ja kafaɗar ƙasa, hannun ba ya ɗaguwa sosai. Ba wanda ya taɓa ɗora wa surukata laifi, ita ta ɗora wa kanta, kuma tun ranar ba ta sake kusantar kaskon suya ba.

Yarinya ta girma, kyakkyawa, mai kunya, mai dariya a ciki-ciki. Wani saurayi ɗan Shinkafi mai sayen hatsi ya gan ta a hanyar Islamiyya, ya biyo ta. Kowa a unguwa ya san tabon, kowa ya ja bakinsa don tausayi. Ɗana ya ce shi ya gaya wa manyan yaron cewa ta taɓa ƙonewa tana ƙarama, sunka ce ai ba komai. Amma bai faɗi girman abin ba, su kuma ba su tambaya ba. Anka sa rana bayan kaka. Lefe ya zo, a saman akwati ga leshi ruwan zuma mai ƙananan duwatsu, wanda anka ce shi za ta sa ranar buɗar kai.

Surukata ta ɗauki leshin da kanta ta kai wa Yaya, ina biye da ita. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta faɗi yadda take so: wuya a rufe har maƙogwaro, hannu har wuyan hannu, shafi mai kauri, a cusa auduga a kafaɗar hagu ta daidaita da ta dama. Yaya ta saurara har ta gama. Sannan ta tambaya ko yaron ya sani. Surukata ta ce ubanta ya yi magana. Yaya ta ce ba abin da ta tambaya ke nan ba. 

Yaya ta ninke leshin yadda ya zo, ta ɗora a kan keke, ta ce duk ɗinkin da ake so za ta yi, amma almakashinta ba zai taɓa shi ba sai mutanen Shinkafi sun san abin da ke ƙarƙashin rigar.

Ban taɓa ganin surukata ta ɗaga ido ta dubi Yaya ba sai ranar. Ta ce ai kullum malamai na wa'azin rufa wa Musulmi asiri. Ta ce Inna da kanta ta sha cika wa 'yan mata ƙirji da auduga, ta sha ɓoye doro da ƙaton ciki, don me sai a kan ɗiyarta gaskiya za ta tashi. Yaya ta ce waɗancan abubuwa ne da miji zai gani da safe ya yi dariya, wannan kuwa ba zai yi dariya ba. Ta ce sutura daban, algus daban, ita ba za ta zuba gero mai kyau a saman mudu ba alhali ta san abin da ke ƙasa. Kaiton bakin Yaya. Ashe yarinyar na tsaye bayan katanga, ta ji an kwatanta ta da abin da ke ƙasan mudu. Kwana biyu ba ta ci tuwon kirki ba.

Ni ina tsakiya, ga yayata ga uwar jikata. Na je na roƙi Yaya, na ce in sun zauna da yarinyar sun ga halinta, tabo ba zai dame su ba. Ta ce in sun fara da jin an cuce su, ba za su tsaya ganin hali ba. Na je wajen ɗana, ya ce wannan maganar mata ce, ya hau mota ya koma Gusau wajen aikinsa. Surukata ta yi niyyar ɗauke leshin ta kai kasuwa, sai ta tuna telan kasuwa da tsohuwar riga zai yi awo, kuma ba rigar da ta taɓa zama daidai a kafaɗar nan in ba ta Yaya ba.

Yarinyar ce ta warware da kanta. Wata la'asar ina tsince wa Yaya zare, ta yi sallama ta shigo, ta zauna a ƙasa kusa da keke. Da can tsakaninsu sai tsiya irin ta kaka da jika, ita ta ce tsohuwa mai ran ƙarfe, Yaya ta ce ƙawata mai hancin ubanta. Ranar ba wasa. Yaya ce ta fara magana, ta ce maganar mudu ta fito mata a karkace, ta yafe mata. A tsawon zamana da ita ban taɓa jin ta nemi gafarar yaro ba sai ranar.

Yarinyar ta daɗe tana wasa da bakin hijabinta, sannan ta ce: "Inna, in ya ji, zai fasa?"

Yaya ta ce: "Ban sani ba, ƙawata. Amma gwamma ya fasa leshi na ninke, a mayar musu da akwatinsu ba hayaniya, da a ce ya fasa bayan kin kwana ɗakinsa. Wancan kwana kaɗan za ki yi kuka. Wanga kuwa har ki tsufa ana faɗi."

Yarinyar ta ce to a kira goggon yaron, wadda ta jagoranci kawo lefe, ta zo ta gani da idonta, don ita ba ta iya faɗa da baki.

Goggon ta zo daga Shinkafi, dattijuwa mai jiki, tana tsammanin shawarar ɗinki anka kira ta. Yaya ta saki labule. Karo na farko ke nan da wata ta shiga bayan labulen ba amarya ba. Ni ma anka ce in shiga in riƙe yarinyar. Ta cire hijabi, ta cire riga, ta tsaya ta runtse ido, ina riƙe da ita. Goggon ta yi salati a hankali. Ta matso ta duba, har ta sa yatsa ta taɓa. Ta tambayi yadda anka yi, ta tambaya ko nonon zai yi shayarwa, ta sa yarinyar ta ɗaga hannu ta ga iyakarsa. Surukata na tsakar gida, tana jin komai ta labule. Goggon ta ce ta gani, za ta kai magana yadda take, ba ragi ba ƙari. Ko ruwan da anka kawo mata ba ta sha ba.

A hanyarta ta zuwa tasha ta biya gidan wata 'yar'uwarta, abin ya fi ƙarfin cikinta, ta faɗa. Kafin wayewar gari magana ta zaga Ƙaura, kafin kasuwa ta ci ta kai Shinkafi. Wai an kira dangin ango sun duba amarya kamar akuyar layya. Mutanen da sunka yi shekaru suna rufe bakinsu, yanzu bakin ya buɗe. Daga Shinkafi kuwa shiru. Leshi na nan a ninke kan keke, Yaya na ɗinkin wasu a gefensa, ba ta ko kallonsa. Amma na lura ta daina cin goro, ita da goro ba ya barin bakinta. Surukata ta sa tsohon kwanon rufi ta toshe 'yar ƙofar da ke jikin katangar da ta raba gidanmu da na Yaya.

Ana cikin haka, wata rana da hantsi, yaron ya yi sallama a zaurena. Ya rame. Da can in ya zo nakan tsokane shi in ce mijina ya zo bai kawo mini cefane ba, ranar ban iya ba. Ya ce goggonsa ta gaya masa komai. Ya ce mahaifiyarsa ta ce a je a kwaso lefe, sun kai ruwa rana, har sai da baffansa ya shiga tsakani. Sannan ya tambaye ni abu ɗaya, wai har yanzu wurin na yi mata ciwo? Na ce sai in zafi ya yi yawa, ko yadi mai kaushi ya goge shi. Ya gyaɗa kai, ya ce: "Kaka, a gaya wa Inna ta sa almakashi. Amma ta sa mata abu mai laushi daga ciki."

Na kai wa Yaya saƙon. Ta tashi ta wanke hannu, ta ɗauko sabuwar tabarma.

Ta kira yarinyar, ta yafa mata leshin a kafaɗa, ta maƙale da allurai, ta ba ta madubi. Ta nuna mata wuya rufaffe, ta nuna mata buɗaɗɗe, ta ce ta zaɓa, rigarta ce. Yarinyar ta ce tunda an riga an gani, a yi mata irin na sa'o'inta. Tsumma biyu Yaya ta yaga, ɗaya na dama ɗaya na hagu, abin da ba ta taɓa yi ba. Auduga kuwa ta ce ba za ta sa ba. Sai ta rage tsawon gefen hagu, don in kafaɗa ta sauka bakin rigar ya kwanta daidai da na dama. Ta sa ƙari a ƙarƙashin hamata don hannun ya motsa ba tare da riga ta ja shi ba. Shafin kasuwa mai santsi ta ce yana riƙe zafi, ta fito da wani farin yadin alawayyo nata da ya sha wanki har ya yi laushi kamar auduga, shi ta shimfiɗa a ciki. Duk inda ɗinki zai bi ta gefen tabon, sai da ta cire duwatsun ɗaya bayan ɗaya da bakin allura. Daga abin da ya ragu ta yanko furanni, kowane da cikarsa, ta jera su a kewayen wuya ta ɗinke da hannu. Idonta ya riga ya fara rauni, ni ke zura mata zare. Ta warware wuyan nan ta sake ya fi a ƙirga. In na ce ya yi, sai ta ce ni ban san komai ba sai tuƙa tuwo.

Yaya ba ta zuwa kai amarya, don haka ni na je Shinkafi. Ranar buɗar kai ɗaki ya cika har ƙofa, kuma na san rabin matan nan ba amarya sunka zo gani ba. Anka yaye mayafi. Riga ta zauna mata ɗas, bakinta a miƙe, furanni sun kewaye wuya, ga bakin tabon ya leƙo sama da su kamar faɗin yatsa biyu. Yarinyar ba ta kai hannu ta rufe ba.  Sai goggon ango ta rangaɗa guɗa, ta ajiye mata turmin atamfa a cinya, sauran mata sunka bi. Uwar ango kuwa tana zaune a ƙofar ɗakinta, ba ta taso ba, ba ta aiko da ko ƙwayar goro ba.

To, ga yadda Allah ya yi da kowa.

Yaron ya riƙe amana, har yau suna tare, 'ya'yansu na zuwa mini hutu. Nono ɗaya ta shayar da su duka, kuma ya ishe su. Goggon ta zame mata uwa a Shinkafi har ta koma ga Allah, wataƙila tana biyan abin da bakinta ya jawo. Uwar mijin ba ta taɓa cin abincin hannunta ba, gida ɗaya, shekara da shekaru. Sau biyu jikata na dawowa Ƙaura da kuka, muna mayar da ita. Sunan nan kuma ya bi ta, har yau in za a kwatanta gidanta a unguwarsu, cewa ake gidan amaryar da anka duba. Ɗana ya yi ritaya ya dawo noma, in anka ta da maganar sai ya tashi ya fita.

Yaya ta ci gaba da ɗinki har ido ya ƙi. Ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba, amma ba ta sake shigar da kowa bayan labule ba in ba amarya ba. A ciwonta na ƙarshe, duk wanda ya yi sallama sai ta tambaye ni ko uwar ƙawarta ce. Ba ita ba ce.

Surukata na nan a kan cewa da an rufe, da uwar mijin ta fara sanin yarinyar kafin ta san tabon, da ba a yi mata suna a gari biyu ba. Ni har yau ban san wadda ta fi gaskiya a cikinsu ba. Ta zo zaman makoki, ita ta daka gumbar sadakar uku, ita ta wanke tukwane, ba ta zauna ba har anka watse. Da gida ya yi sauƙi na kira ta ɗaki, na ce kamar yadda ake roƙon kowa ya yafe wa mamaci, ni ma ina roƙonta ta yafe wa Yaya. Ta durƙusa, kanta a ƙasa.

Ta ce: "Duk faɗan da Inna ta yi mini na yafe, duniya da lahira. Amma tsayuwar da ɗiyata ta yi ba riga a gaban baƙuwa, ina ji ta labule ban iya shiga ba, wannan ina nan ina roƙon Allah ya ba ni ikon yafewa. In na ce miki na yafe yanzu, ƙarya na yi, ita kuwa ba ta son ƙarya."

Ban matsa mata ba. Kullum in na idar da salla ina roƙa wa Yaya rahama, ina roƙa wa surukata sanyin zuciya, ina kuma roƙon Allah ya bar ni da rai har in ji kalmar nan da kunnena. Ku ma ku taya ni.